Tafin Hannu a Kan Bonet

Tun da aka jingine bonet ɗin nan a rumfata, ku yaran aikina kuke damuna da tambaya, wai me murfin inji yake yi a wurin wankin mota alhali babu motar. Ɗayanku har ya ɗauko soso zai kankare tabon da ke kansa, sai da na daka masa tsawa. To ga amsarku. Ni ban yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci kawai na shiga har na iya haɗa baƙi, saboda haka yadda maganar take a bakina haka za ku gan ta a takarda. Na gaji da maimaitawa.

Sunana Lawwali, amma a tashar Batsari Mai Kaki ake ce mini. Baƙo in ya ji haka sai ya ɗauka tsohon soja ne, har wani direba ya taɓa sara mini. Ban taɓa sa kakin soja ba. Nawa kakin na gwangwani ne, wanda ake shafa wa fentin mota ya yi sheƙi. Ku a ganinku sana'ar nan bokiti ce da tsumma, ka watsa ruwa ka karɓi kuɗi. Na ji ku. Haka ni ma na zata ranar da mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Tanko.

Baba Tanko ya yi wa wani Bature aiki a Katsina kafin a ba mu mulkin kai. Da Baturen ya tattara ya tafi, sai ya dawo gida Batsari da rabin gwangwanin kaki da wata laushin fatar akuya, ya kafa rumfar zana a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Motocin garin a lokacin ba su fi yatsun hannu ba: ta hakimi, ta asibiti, sai manyan motocin da ke zuwa kwasar gyaɗa daga Karare da Wagini. Na daɗe a wurinsa ban taɓa jikin mota ba. Aikina ɗebo ruwa a rijiya, in zuba a randa, in bar shi ya kwanta. Ruwan da aka jawo yanzu akwai yashi a ciki, yashi kuwa a kan fenti wuƙa ne. Ku da kuke ɗibar ruwan kududdufi kuna yaɓa wa motar mutane, ku riƙe wannan.

Motar hakimi ce ta farko da ya bar ni na sa wa hannu. Baƙa ce, kuma baƙar mota ba ta rufa wa kowa asiri. Ya sa aka turo ta inuwa, ya dafa bonet da bayan hannu, ya ce mu jira ta huce. Daga rufi aka fara, ana gangarowa, taya ce ƙarshe, kuma tsumman taya ba ya hawa sama har abada. Soso ko kusa. Da ta bushe ya buɗe gwangwani, ya naɗe yatsu biyu da tsohon ƙyallen alawayyo, ya lakato ɗan kaɗan kamar wanda zai sa wa jariri man kaɗe. A shafa a zagaye, ƙanana ƙanana, a bari ya yi fari kamar toka, sannan a bi da busasshen ƙyalle har kafaɗa ta ce ta gaji. Da na ce na gama, bai ko duba ba. Hularsa ya cire ya ajiye a kan bonet. Hula ta zauna daram.

"Ɗan nan, hulata ta samu wurin zama," in ji shi. "Koma."

Sai da hular ta zame da kanta ta faɗo ƙasa sannan ya ce in je in ci abinci. Har gobe da hula nake gwada aikina. Allah ya jiƙan Baba Tanko, ya bar mini rumfa da randa da fatar akuya, kuma bai taɓa ɓoye mini komai na sana'a ba.

Abu biyu za ku sani game da kaki. Na ɗaya, babu abin da ya kai shi fito da kyan fenti, sai ka ga launin ya yi zurfi kamar ruwan rijiya. Amma ranar ƙasar nan ba ta barinsa. Kasuwa kaɗan za ta ci ya narke, mai mota ya dawo. Wannan dawowar ita ce tuwonmu. Na biyu, kaki yana ci. In kana gogawa yana ɗauke mataccen fentin da ke sama tare da duk wani tabo, shi ya sa in ka gama jar mota tsummanka ja yake komawa.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, rumfar ta riga ta zama tawa. Motoci suka cika gari. Malamin makaranta ya sayi mota, mahauci ya sayi akori-kura, kiya-kiya suna ta zirga-zirga tsakanin Batsari da Safana suna dawowa jajaye da ƙasar hanya. Ranar kasuwa ko sallar azahar sai na roƙi a tsaya mini. Na yi aure, na rufa ɗakina da kwano. Na ɗauka haka za a tafi.

Sai Garba ya dawo daga Kano. Garba tsohon kwandasta ne, bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya zo da kwali cike da kwalabe, ya kafa rumfar kwano a ɗaya gefen tasha, ya ce abin da ke ciki sunansa sila. Ruwa ne fari kamar tsinkakken nono. Ba a wahalar goga, a shafa kawai a bari ya bushe, ya zama kamar gilashi a kan fenti.

"Shafa ɗaya, damina ta zo ta wuce!" haka yake ihu. "Ku bar tsohon yayi, ku huta da zuwa kullum kamar masu ciwon haƙori!"

Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin yana daɗewa. Wata kiya-kiya da ya yi wa aiki na je na duba da idona. Sheƙi kam akwai, mai sanyi, irin na kwalba. Amma da na sunkuya sai na ga jar ƙasar hanyar Safana kwance a ƙarƙashi, har da ƙafar wani ƙwaro, an rufe su ruf, ko da farce ba sa fita. Garba bai iya wanki ba, a kan dattin yake shafawa. Na miƙe na faɗa a gaban direbobi da 'yan kamasho.

"Wannan ba gyara ba ne, binnewa ce. Abin da ya tarar shi yake rufewa, mai kyau da marar kyau. Ranar da kuka gan ni da kwalbar nan a hannu, ku canja mini suna."

Suka yi dariya, suka ci gaba da kai masa motocinsu. Direba ba ruwansa da ƙafar ƙwaro, shi dai kada ya ɓata ranar lodi a gindin tsamiya.

Shekarar nan ita ce muguwar shekarata. Randa cike da ruwa har ya yi gansakuka. Na wanke kekuna. Na goge wa malaman makaranta takalma da kakin da aka yi don mota. Da rani ya tsananta na bi masu yin bulo, na yi dakon buhuna a kasuwa. Sa'o'ina da yawa sun tafi Kudu aikin gadi, ni ma har na fara tambayar kuɗin mota. Abin da ya riƙe ni, ban san wa zan bar wa randar Baba Tanko ba.

Wata ranar kasuwa, an yi ruwan farko ana shirin shuka, farar mota sabuwa fil ta shigo tasha a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A kan bonet ɗinta an kife faifai, an ɗaure shi da igiyar ɗaure maraƙi ta zagayo ta ƙasa. Tasha ta kwashe da dariya. Wani ɗan kamasho ya ce, "Alhaji, furar ce ba ka so ƙuda ya taɓa?"

Mai motar bai kula shi ba. Alhaji Buba ne, Bafulatani daga wajen Safana, mai sayen shanu a rugage yana lodawa Kudu. Ya wuce rumfar Garba, ya tsaya a tawa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, na tambayi gida da shanu da ruwa, na kuma yi masa ta'aziyya don na ji an ce ya yi rashin mahaifiya. Ya amsa, sannan ya ce, "An ce mini kai ne mai taushin hannu a garin nan."

"Haka suke cewa da, Alhaji. Yanzu ba sa cewa komai."

Ya kwance igiyar da kansa, ya ɗaga faifan. Tafin hannu ne a kan farin fenti, ja, na lalle. Ƙaramin hannu, yatsu a buɗe, ɗan yatsan ƙarshe a karkace.

Na ce, "Wannan ai ba wuya. Kaki zai ɗauke shi tas, ko alama ba za ka gani ba."

Ya kama wuyan hannuna kamar zan yi sata. "Mi kac ce? A'a. Wanke motar duka za ka yi. Wannan kuwa so nike ya zauna."

A tsaye ya ba ni labarin. Ranar da ya sayo motar, ruga ya wuce da ita kai tsaye don Innarsa ta gani. Tsohuwa ce, ido ya yi rauni, tana zaune da hannu cikin zunguru tana ƙunshi. Aka ce mata ga abin da aka sayo. Ta ce a kai ta wurin karsanar, haka ta kira motar. Ta zaro hannun da danyen lalle a jiki, ta lalubo bonet da zafinsa na tafiya, ta dafa kamar yadda ake dafa bayan saniya, ta daɗe tana addu'a. Da ta gama ta ce, "Ba ta da tozo, amma Allah shi sa albarka." Shi kuwa ransa ya ɓaci, sabuwar mota an ɓata ta. Ya yi niyyar in kasuwar Batsari ta zagayo ya kawo a goge. Kafin kasuwa ta zagayo Inna ta rasu.

"Ni ɗan fari ne, Mai Kaki," ya ce. "Ka san al'adarmu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Wancan take cewa, ko mai shanun nan. Tun da na yi wayo ba ta taɓa dafa ni ba, kunya ba ta bari. Motar ta dafa."

Na sake duban tabon. Gefensa ya fara dusashewa, yayyafin da ya same shi kafin a kife faifai ya ja wani siririn layi daga babban yatsa. Damina ɗaya a haka, babu abin da zai rage. Kuma na san abin da ke cikin gwangwanina, in na kusanto da shi wurin nan na gama da hannun Inna. Abu ɗaya ne a garin yake rufe abin da ya tarar. Yana rumfar Garba.

Na ce wa Alhaji ya mayar da faifansa, ya dawo kasuwa mai zuwa. Ba na gwaji a kan abin da ba shi da na biyu.

Wurin kanikawa na je na roƙi tsohuwar ƙofar wata farar mota da ta yi hatsari. Na shanya ta a rana ta yi zafi. Na ce wa mai ɗakina ta kwaɓa mini lalle. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, biki ake yi ba a gaya mini ba? Wa ya kawo sadakinka?"

Na tsoma hannu na dafa ƙofar wuri uku, na bar ta a kan rufi rana ta gasa ta kwanaki. Abin da ban yi lissafi ba, lalle ba ƙofa kaɗai yake kamawa ba. Hannuna na dama ya yi jawur har wuyan hannu. Na wanke da toka, na wanke da kananzir, kamar ƙara masa nake yi.

Haka na tafi rumfar Garba da hannu cikin aljihu. Direbobi na zaune a benci suna cin rake. Na yi sallama. Garba ya miƙo hannu, kuma musulmi ba ya ƙin musafaha. Na zaro.

Wani ya ƙware da rake. "La ilaha! Mai Kaki, yaushe za a kai ki?"

"Kwalba nake so, Garba," na ce. "Guda ɗaya."

Benci ya tashi da sowa. "Ya faɗa da bakinsa! A canja suna! Amarya! Amaryar Garba!"

Garba ya yi dariya har da riƙe ciki. Na bar shi ya gama, sannan na ja shi gefe na gaya masa don me. Sai ya daina. Ya shiga ciki ya ɗauko kwalba daga ƙasan kwali, wadda rana ba ta taɓa ba, ya ce, "Kada ka girgiza ta, kumfa take yi. Kuma in ka shafa, ruwa kada ya taɓa wurin sai ta kwana. Waɗannan biyun na sani, sauran duk baki ne." Ya ƙi karɓar komai. Ban manta masa ba.

A kan ƙofar na gwada. Hannu na farko na sa masa kaki don in tabbatar, ya tafi cikin tsumma kamar ba a taɓa yi ba. Na biyu na shafa masa sila yadda Garba ke yi, da jan tsumma, sai lallen ya jiƙe ya baje, ya koma kamar an mari ƙofar da miyar ja. Na zauna na dubi na ukun. Na samo audugar gida, na cire irin, na tsoma kaɗan, na riƙa ɗorawa ina ɗagawa, ɗis, ɗis, ba ja ba goga. Na bar shi ya kwana, na ƙara. Washegari na kwara masa bokiti. Ruwa ya gangare, hannu yana nan.

Ranar aikin Alhaji ya iso da hantsi. Na wanke motar duka da kwantaccen ruwa, na bar faifan a wurinsa. Sannan na ɗaga shi. Wahalar a nan take: sila za ta binne duk abin da ta samu, saboda haka dole in fitar da ƙurar da ke tsakanin yatsun ba tare da na taɓa lallen ba. Da gashin kaza na share, ina hurawa da baki. Tsakanin yatsa da yatsa na bi da tsinke mai auduga a kai. Alhaji na tsugune gefena, ya hana kowa matsowa, har mai tallan goro ya kora. Na fara ɗorawa ke nan, na kai tsakiyar tafin, sai iska ta juya. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Rumfata ta zana ce, yayyafi ma ba ta tarewa.

Ban kira kowa ba. Garba ne ya taho da gudu yana ihu, "Ku fitar da akori-kurar can daga rumfata! Ku zo mu tura!" Alhaji ya ce a tayar da inji mana, na ce a'a, bonet zai yi zafi. Direbobin nan da suka sa mini suna Amarya su suka sa kafaɗa, ni ina tafe a gaba na kife faifai sama-sama ba tare da ya taɓa ba. Muna shiga ƙarƙashin kwano ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A rumfar Garba na ƙarasa hannun Inna, da kwalbar Garba, ƙarar ruwa a kan kwano ba ka jin maganar na kusa da kai. Sauran jikin motar kuwa kaki na sa mata, na goge har hulata ta zame.

A nan ta kwana. Da safe na cika moɗa na miƙa wa Alhaji, na ce shi zai zuba. Ya daɗe riƙe da ita. Da ya zuba, ruwan ya dunƙule ƙwaya ƙwaya ya gangara ta kan yatsun ya zube ƙasa, fari tas, babu ja a ciki. Ya ajiye moɗar, ya ɗora hannunsa a kan na Inna. Nasa ya rufe shi duka. Ni na juya na shiga matse tsumma.

Daga nan aiki ya dawo. Alhaji ya faɗa a kara, wurin cinikin shanu, dillalai suka fara kawo motocinsu. Garba ya riƙa turo mini mota in wanke kafin ya shafa, daga baya ma ya bar mini kwalin ya koma sayar da kayan gyara, inda bakinsa ya fi amfani. Yakan ce sila ce silar arzikina, in ce masa lalle ne. Sunan Amarya ya bi ni har lallen ya fita daga farcena, tsofaffin direbobi kuma har yau in suna son tsokana da shi suke kirana. Ina amsawa. Na ci abinci da sunan.

To ku da kuke tambayata wanne ya fi, kaki ko sila. Motar haya mai kwana a hanya, ruwa da rana a kanta, a wanke ta da gaske sannan a sa mata sila. Motar da ke kwana a inuwa, mai ita yana son ya ga fuskarsa a jiki kuma ba ya ƙyashin dawowa, kaki. Fentin da ya mutu ya yi gari, kaki ne zai tashe shi, sila binne shi za ta yi. Amma kafin ka buɗe gwangwani ko kwalba, zagaya motar tare da mai ita, ka tambaye shi kowane tabo. Ba duka ne datti ba.

Farar motar ta yi shekaru tana bin rugage har injinta ya buga, aka sayar wa kanikawa. Bonet ɗin kuwa, Alhaji ya kwance shi ya ajiye a zaurensa. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa sai ya aiko da shi a bayan akori-kura, naɗe cikin bargo, in ƙara masa ɗis ɗis ɗina, ko da yake ruwa ba ya taɓa shi a zaure, na kuma gaya masa. Ya ce in dai yi. Jan ya koma kalar shayi da madara yanzu, amma ɗan karkataccen yatsan yana nan.

Gobe kasuwa, da kansa zai zo ɗauka. In kun ga tsoho da sanda ya tsaya gaban bonet ya ɗora hannu, kada wanda ya ce masa sannu da zuwa tukuna. Ku ɗauki bokiti ku tafi rijiya.